Lemun Tsamin Mahaifiyarki

Ɗiyata,

Ina gaishe ki, da maigidanki da yara. Ni lafiya lau, sai sanyin ƙasar nan. Jaririyar ƙanenki hancina ta ɗauko sak, baiwar Allah, ni ko sai murna!

Jiya suka kai ni lambun bishiyoyin duniya, kowace da sunanta a allo. Ina haɗa baƙi a hankali, sai ga lemun tsami irin wanda marigayiya mahaifiyarki ta dasa. Na tsinki ganye na shinshina. Mai gadi ya taho da faɗa, ya dubi fuskata, ya juya.

Ni na ce a sare nata na gida don gina ɗaki. Idan mai gatari bai zo ba, ki hana. Idan ya riga ya zo, kada ki gaya mini.

Allah ya yi albarka.

Babanki