Zomon Ƙarshe a Firigo

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum, Malam. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan gaya wa in ba kai ba?

Zan bar garin nan na Villeurbanne. Yaya Sale ya ce in tattara in koma wurinsu a Sevran, ba ya son in zauna ni kaɗai. 'Yar bindigarka na miƙa wa hukuma, tunda ba ni da takardar farauta. Ranar ko hawaye ban yi ba. Firigo ne ya kayar da ni.

Akwai zomo ɗaya a ciki, can ƙarƙashin ƙanƙara, wanda ka kawo kafin ciwo ya kwantar da kai. Ka tuna tsiyar da nake maka? Mutum ya fita bayan garin Lyon cikin wannan sanyi, ya wuni a daji, ya dawo hannu rabbana. Sai ka ce harsashin ƙarami ne, in ba ka ga kan dabba sosai ba ba ka harbi, kada ta gudu da rauni ta je ta mutu a rami. In ka gani kuwa, da bismilla kake harbi, ka ruga da wuƙa ka yanka. Kuma ba ka kashe abin da ba za a ci ba. Ko ƙashi ba ka bari in zubar sai an tsotse.

To ga shi ka tafi ka bar ni da shi. In na dafa na ci, shi ke nan, abincin da ka kawo gidan nan ya ƙare har abada. In na bar shi ya lalace, ka kashe rai a banza, kuma ni na ja maka. Na tambayi Yaya ko in taho da shi a jirgin ƙasa. Sai ya ce in yawaita addu'a. Gani yake na fara taɓuwa. Ƙila ma haka ne.

Wallahi Malam, ban taɓa son naman zomo ba. Ina ci ne don yadda kake aje cokali ka zuba mini ido kana jiran in yaba. Yanzu wa zai kalle ni?

Gobe zan ba da makullin gida. Ɗazu na fito da zomon, yana cikin kwano yana narkewa, ba ya komawa firigo kuma. Na yanka albasa, na daka yaji, na kasa kunna wuta. Tsoro nake ji, Malam.

Allah ya haskaka makwancinka. Zan cinye, har ƙashin.

Matarka,
Rakiya