Wasiyyata a kan Ameera, da Babin da Ban Rubuta Ba

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Abdul-Rahaman, mazaunin Barking a Landan, ina rubuta wannan da hankalina a jikina, ba wanda ya tilasta ni. Zuwa gare ku 'ya'yana, Abdul-Salam da Hamdatu.

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, ƙanenku Aziz ya faɗi a ɗakin injin jirgin ruwan dakon kayan da yake wa aiki, bai sake tashi ba. An binne shi a Las Palmas, tashar da jirgin ya fara tsayawa. Ya bar matarsa Damaris da 'yarsu Ameera.

Na ɗaya. A raba gado yadda shari'a ta tsara. Ameera jika ce, ba ta da kaso tunda kana raye, Abdul-Salam, don haka na yi mata wasiyya da sulusi, a hannun uwarta.

Na biyu. Littattafaina da rubutuna kan yaƙin Amurka da Birtaniya na 1812 su koma wurinki, Hamdatu. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da yaƙin nan. Birtaniya ta hana jiragen Amurka ciniki da Faransa, tana kuma tare su a teku ta kwashe matuƙa, da hujjar cewa wanda aka haifa nata, nata ne har abada. A aji ban taɓa shakkar cewa zalunci ne ba. Sai ga shi na ji wannan hujja a falona, daga bakinka, Abdul-Salam, ranar da ka ce a karɓi Ameera a kai ta garinmu Kumasi domin jininmu ce, uwarta kuwa Kirista. Abin da ya ruɗa ni shi ne rabin zuciyata ta bi ka. Har yanzu ban san wane rabin ne nawa ba.

Na uku. Duk da haka ga hukuncina: kada a raba yarinyar da uwarta. Damaris ta yi wa Aziz takaba ba wanda ya nema daga gare ta. Ita ke kawo Ameera karatun Alƙur'ani duk Asabar, ta jira a bakin ƙofa cikin sanyi.

Na huɗu. Na je Woolwich, unguwar da Damaris take, na zauna da ita, mun daidaita. Ina sanar da ku a rubuce domin a yaƙin nan an gwabza faɗan New Orleans bayan an riga an sa hannu kan sulhu, mutane suka mutu saboda labari bai iso ba. Ku labari ya iso muku. Abdul-Salam, ka sallami lauyan nan da ka ɗauka kan maganar Ameera.

Takardar sulhun Amurka da Birtaniya ba ta ko ambaci kwashe matuƙan ba. Na sha tambayar kaina, to don me aka yi yaƙin? Da ina da amsa. Tun rasuwar Aziz ta ɓace mini.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku ci abincin salla a tire ɗaya, da Damaris a cikinku.

Abu biyu suka rage. Babin ƙarshe na littafin da nake rubutawa kan yaƙin ban rubuta shi ba. Kabarin Aziz kuma ban gan shi ba, likita ya hana ni tafiya. Ku je, ku tafi da Ameera da uwarta.