Ganyen da Ɗan Tsohuwa Ke Share Mini

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? Ki shafa mini kan yara. Ni lafiya lau, alhamdu lillahi, kada ku damu.

Sai dai abu ɗaya. Tsohuwar da nake jinya ta ba ni ɗan fili a bayan gida, na shuka tumatir da alayyafo. Ba kullum nake samun sukunin ban ruwa ba, shi ya sa nake tara busassun ganye da yankakkiyar ciyawa, in marmashe, in lulluɓe gindin shukar don ƙasa ta riƙe danshi.

To ɗanta fa, duk ranar hutu sai ya zo ya share su tas, ya ɗure a buhu. Wai taimakona yake yi! Yarensu bai zauna mini ba, na yi nuni da hannu har na gaji. Ga tumatirin nan ya fara yaushi.

Jiya ya nuna mini wurin fes, yana murmushi. Na ce na gode. Allah Ya yafe mini wannan godiyar. Yana fita na kwance buhun.

Ki sa ni a addu'a.

Yayarki