Hannun da Kuka Koya wa Sassauci

Zuwa ga Shugaban Kulob ɗin Turawa na Bariki, Haɗeja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da sauran manyan kulob. Ni ne Bukar Auyo, wanda kulob ke biya don ya buga tanis da ku kullum da la'asar. Na san za ka yi mamakin ganin maganata a jarida alhali jiya ma muna fili tare. Na aiko ta bakin kukunka, na aiko ta bakin akawu, ni da kaina na durƙusa a gindin raga na fara, ka ce in bari sai an tashi wasa. Aka tashi, ka shiga mota. Shi ya sa na kawo ta inda kowa zai gani.

Maganar ita ce gasar da za a yi a Kaduna cikin damina. Masu shirya ta ba sa karɓar ɗan wasa sai da takardar kulob ɗinsa. Ka hana ni takardar, ka ce zuwana ba shi da amfani tunda ba ni da zuciya. Kalmar nan ta ci mini rai, kuma a kanta zan yi bayani.

Na farko, wasana. An ce yabon kai jahilci, to a yafe mini jahilcin yau. Ni ɗan masunta ne, kafaɗata a jefa komar kamun kifi ta ƙosa tun kafin in san raket, shi ya sa bugun da nake buɗe wasa da shi yake da nauyi. Bara, da wanda ka gada ya bar ni na je Kano, na kori akawun reluwe daga Ikko, na kori malamin makaranta daga Zariya, na kori wani soja da ake ta zuzutawa. Babu wanda ya sa na yi gumin kirki. Bana kuwa jikina ya fi na bara sauƙi, idona ya fi kama ƙwallo. Kai ba ka taɓa ganin wannan wasa ba, don ba shi kulob ke biya in yi ba.

Na biyu, aibina, wanda ba zan ɓoye ba. In ƙwallo ya zo ƙasa-ƙasa ta bayan hannu, ina shan wahala. Gwiwata ta hagu ta fara yi mini magana in an yi sanyi. Sannan ban iya wasa da takalmi ba, domin a bariki ba ma tsayawa gaban Bature da shi. Filinmu daɓen ƙasar suri ne, yana yi wa ƙafa daɗi. Na Kano siminti ne, kafin rana ta karkata tafin ƙafata ya saluɓe. Duk wannan abu ne da horo zai gyara in an fara da wuri, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, wasan ƙarshe na Kano, wanda shi ne hujjarka. Gaskiya ne ina gaba da nisa, gaskiya ne kuma an cinye ni. Amma wa ya tambaye ni yadda aka yi? Abokin karawata Bature ne mai furfura, ɗan kasuwa. Ina cikin matsa masa sai na ji yana haki, na ga fuskarsa ta yi ja, ya dafa ƙugu. Ranka ya daɗe, ka san abin da aka koya mini in yi idan Bature ya dafa ƙugu. Tun ranar da kulob ya ɗauke ni aka gaya mini aikina: in ajiye ƙwallo daidai hannun maigida, in sa shi gudu kaɗan don ya yi gumi, in ya gaji in sassauta, kada ya koma gida ransa a ɓace. Na yi haka da likita, na yi da injiniyan hanya, na yi da matansu, shekara da shekaru, ga shi yanzu ina yi da kai, har na gwanance yadda ba ku ganewa. Ran nan a Kano zuciyata tana cewa kashe wasan, hannuna yana miƙa wa dattijon ƙwallo kamar ana ba baƙo goro. Ina kallon hannun nan, na kasa hana shi. Na yi kuka a bayan rumfa, ba na jin kunyar faɗa. Sabo turken wawa, amma ba ni na kafa turken ba.

Kada ka ce tsohon zance ne. Jiya na yi niyya tun daga gida zan nuna maka ainihin bugun, ko da za a kore ni. Muka fara, ka yi tari sau ɗaya, sai hannun ya koma gidan jiya. Ka ci ni, ka dafa kafaɗata, ka ce wasanka yana gyaruwa. Na ce ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe.

Na huɗu, lokaci. Kai baƙo ne a ƙasar nan, wannan ce daminarka ta farko. In kogi ya kawo, hanyar Malam Madori takan yanke, mota ba ta isa tashar jirgi. In ban fita kafin nan ba, na zauna ke nan sai kaka, gasa kuwa ta wuce. Filin ma ruwa zai kwanta a kansa, ku kanku ba za ku buga ba, to me zan tsare muku? An ce in bari sai baɗi. Gwiwar nan ba ta yi mini alkawarin baɗi ba. Wasu kuma sun ce in ajiye aikin in yi gaba. In tafi ina? Ɗakin da nake ciki da iyalina da tsohuwata na kulob ne, gonarmu ta fadama ambaliya ta mai da ita tafki, kuma in na fita daga hannunku babu mai rubuta mini takardar. Na zama kamar kifin da ruwa ya janye ya bari a kududdufi, yana jiyo ƙarar kogi.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ka sa hannu a takardar tun hanya tana biyuwa. Ka yarda in riƙa shiga fili da takalmin kambas, ko da idon wasu manya ba zai so ba. Na ukun shi ne babba, kuma ba zai ci wa kulob komai ba: gobe da la'asar, a gaban mutane, ka ce mini da bakinka in buga da gaske. Da umarni aka karya hannun nan, ina jin umarni ne kaɗai zai ɗora shi. Za ka sha kashi, ranka ya daɗe, wannan ba na ɓoye maka. In bayan haka ka ga ba ni da zuciya, ka yaga takardar, ba za ka sake jin bakina ba.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ƙara maka lafiya da girma, Ya mai da kai ƙasarku cikin iyalinka lafiya idan wa'adinka ya cika. Kai kana da ranar tafiya. Ni tawa tana aljihunka, ga hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas.

Wassalam.

Baranka,
Bukar Auyo,
Filin tanis na Bariki, Haɗeja.