Matoshin Babban Tanki

Alhamis, 2 ga Janairu, 1958. Mandvi.

Na amsa. Jibi za mu tashi zuwa Mombasa, idan ruwa ya cika.

Shekara ashirin da bakwai ina koyar da lissafi, yau ga ni ɗan jirgin ruwa mai dakon albasa da gishiri. Jirgin ma na Jusab ne, wanda na yi wa bulala fiye da kowane yaro a aji uku. Yanzu shi ne nahoda, wato kyaftin ɗin jirgin, gemu har ƙirji, mutum goma sha biyar a ƙarƙashinsa. Aikina kaɗan ne: shi zai auna tsayin rana da tsakar rana, ni in lissafa inda muke a teku. Mai yi masa wannan idonsa ya mutu. Ya ce, "Mastar, har yanzu lissafin nan bai zauna min ba." Bai yi dariya ba. Da ya yi, da ya fi min sauƙi.

Hurbai ba ta ce kada in tafi ba. Ƙanwata ce, amma wata goma sha huɗu ina kwana a ɗakin ajiyar mijinta, tun da aka kore ni daga makaranta. Na gaya wa sufeton makarantu abin da yake a gaban yara. Har gobe shi ne abin da na ce.

Babanmu igiyar jirgi ya ja har ya mutu, don kada ni in ja. Gara da ba ya nan.

Asabar, 4 ga Janairu.

Mun tashi. Mata a bakin gaɓa, kowace tana ɗaga wa nata hannu. Ni na yi kamar ina duba littafi.

An ɗaga babban zanen iska, mutum goma sha huɗu a kan igiya ɗaya suna waƙa. Na matsa zan kama, Talab, shugaban 'yan jirgi, ya tare ni. "A'a Mastar, ka zauna. Hannun alli ne wannan, kada ya fashe a ce mu ne." Suka yi dariya. Na zauna.

Talata, 7 ga Janairu.

Kwana uku ina amai. Ban san cikin mutum yana da zurfi haka ba.

Kukun jirgi, Sumar, shi ya riƙa zuwa da citta da lemun tsami. Ya girme ni, haƙori huɗu suka rage masa, shekara talatin da ɗaya yana dafa wa jirage. Surutu kamar rediyo. "Sha, Mastar. Wanda ya yi karatu a Bombay ma cikinsa irin namu ne ashe! Ni da na ɗauka ku turanci kuke amayarwa." Ban gode masa ba, yanzu na tuna.

Alhamis, 9 ga Janairu.

Lissafi yana tafiya daidai. Wannan dai ban manta ba.

Dokar ruwa: na daɗi don sha da girki ne kawai. Alwala, wanka, wanki, duk da na teku, a jefa guga a ɗebo. Tanki biyu ne, na katako. Ƙarami a sama kusa da murhu, Sumar ya san zurfinsa da sanda. Babba a ƙasa cikin buhunan albasa, daga shi yake cika ƙaramin duk bayan kwana uku. Ba mai taɓa su sai shi.

Na wanke farar rigata da ruwan teku. Ta bushe kamar fatar busasshen kifi, da zane-zanen gishiri a wuya. Ita kaɗai ta rage min daga makaranta. 'Yan jirgi kuwa tsirara suke yawo daga cibiya zuwa sama, ba abin da ya dame su.

Lahadi, 12 ga Janairu.

Zan rubuta, tunda ba mai karanta wannan.

Bayan azahar iska ta sauya, aka ce za a juya zane. Wannan aikin yana cin kowa da kowa, gungumen da zanen ke rataye a kai ya fi jirgin tsawo, sai an miƙar da shi an zagaya da shi bayan jigon da ke tsaye a tsakiyar jirgi. Har Sumar ya ajiye ludayi ya je ya kama igiya. Ni kaɗai aka bari, kamar kullum.

Na sauka ƙasa da kwano. Na zare matoshin babban tanki, na tari rabin kwano, na mayar da matoshin na danna da hannu. Na wanke wuyan rigar da hannayenta a nan cikin albasa, kamar ɓarawo. Ba kamar ba.

Rabin kwano ne. Mutum mai shekara hamsin da takwas bai isa ya sami rabin kwano ba?

Rigar ta bushe da laushi.

Talata, 14 ga Janairu.

Da safe masu kwashe ruwan da ke taruwa a gindin jirgi suka ce ya yi yawa. Talab ya tsoma yatsa ya lasa. Ya sake lasa, ba gishiri. Sai ya ruga ƙasa.

Babban tanki saura ɗan abin da ke gindi. Kwana biyu yana tsiyaya ta gefen matoshi. Ashe ba a danna shi da hannu. Ana naɗe shi da tsumma ne a buga da guduma sau uku. Kowane ɗan jirgi ya san wannan tun yana goye. Ni tsumman ma ban gan shi ba, wataƙila ya faɗi cikin buhuna.

Sumar ne ya buɗe shi ranar Asabar, kowa ya gani. Talab ya riƙa yi masa ihu: "Tsoho, ka kashe mu! Surutunka ya cinye maka hankali!" Sumar yana ta cewa, "Na buga, wallahi na buga. Sau uku, Nahoda, yadda nake yi kullum." Daga baya muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Ko dai ban buga ba?" Wannan ce ta fi tsaya min.

Jusab ya karɓe gudumar ya ba Talab. Ya ce Sumar zai ci gaba da girki, amma ba zai zauna a faranti tare da mutane ba, kuma a Mombasa zai sauka. Kukun da ya zubar da ruwa ba jirgin Mandvi da zai sake ɗaukarsa. Sunansa zai riga shi isa gida.

Ina tsaye a wurin da littafina a hannu.

Laraba, 15 ga Janairu.

Ruwa kofi biyu kowa, safe da yamma. Ban faɗa ba.

Juma'a, 17 ga Janairu.

Iska ta ɗauke tun jiya. Zane yana lilo kamar wanki. Kofi ɗaya da rabi.

Shinkafa yanzu da rabin ruwan teku ake dafa ta, ba mai iya haɗiya. Leɓunan mutane sun tsage. Ba waƙa. Sumar yana ci shi kaɗai a bayan murhu, ya juya mana baya, kuma ya daina magana kwata-kwata. Ban san jirgin yana da shiru haka ba.

Ni kuma ina faranti, a daman Nahoda, inda ya zaunar da ni tun ranar farko saboda ni malaminsa ne.

Na gaya wa kaina: tsoho ne, da ma ya kusa ajiye aiki. Na gaya wa kaina: faɗar ba za ta dawo da ruwa ba. Duka gaskiya ne. Na iya shirya hujja, a Bombay aka koya min.

Asabar, 18 ga Janairu.

Ya sani.

Na je karɓar kofina da yamma. Talab ke aunawa, Sumar ke miƙawa. Da ya ba ni, sai ya kama hannun rigata tsakanin yatsu biyu ya murza a hankali, kamar mai sayen yadi. Ya saki. Bai dube ni ba.

Na bi shi bayan murhu. Na ce, "Yaya Sumar, tun yaushe?"

"Tun Talata da yamma. Rigar da ta sha teku ba ta kwanciya haka."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya ci gaba da tsintar shinkafa. "Ni shekara talatin suka san ni. Za su zage ni, su gaji. Kai ba su san ka ba, Mastar, ga ƙishirwa. Talab ba shi da kai idan ya ji ƙishi." Can kuma ya ce, "Kuma in ce me? Kuku ya ce malamin Nahoda ɓarawon ruwa ne? Je ka sha abinka, zai yi ɗumi."

Na zo ne da shirin ya zage ni. Har na tanadi amsa.

Lahadi, 19 ga Janairu.

Ban faɗa ba. Na yi kuskure a lissafi sau biyu, Jusab ne ya gano.

Litinin, 20 ga Janairu.

A faranti na faɗa, da rana, kowa na zaune. Ba jarumta ba ce, kada in yaudari kaina. Loma ce ta ƙi wucewa. Na shirya jimloli masu kyau tun asuba, da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Ni ne. Ni na zare matoshin. Riga na wanke."

Wani ya ce, "Riga?"

Talab ya miƙe, biyu suka riƙe shi. Abin da ya kira ni ba zan rubuta ba, ko da yake babu ƙarya a ciki. Jusab kuwa ƙasa yake kallo, kunnuwansa sun yi ja, kamar shi aka kama. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Mastar, a ajinka, idan yaro ya yi shiru aka daki wani a madadinsa, me kake yi masa?"

Na ce, "Ina ninka masa."

"Kwana nawa Sumar ya yi a bayan murhu?"

"Shida."

"To ka san lissafin."

Kwana goma sha biyu ni kaɗai a bayan murhu, da kwashe ruwan gindin jirgi safe da yamma. Ya tashi da kansa ya karɓo gudumar daga Talab, ya kai wa Sumar da hannu biyu. Ya ce, "Kawu, ka yafe min." Sumar ya juya ta, ya duba, ya ce, "Wa ya bar ta a rana? Ƙotar ta tsage." Ya zo ya zauna a faranti. Wurin da ya samu nawa ne.

Na ɗauki kwanona na koma bayan murhu. Akwai ɗan inuwa a wurin, ban sani ba.

Laraba, 22 ga Janairu.

Iska ta dawo. Jusab ya karkata zuwa gaɓar Somaliya neman rijiya. Kofi ɗaya.

Gindin jirgi wari, ruɓaɓɓiyar albasa da man kifi. Guga sittin da safe. Tafin hannuna ya fashe wuri huɗu. Ba wanda ke yi min magana sai Jusab da tsakar rana, shi ma lambobi kawai.

Asabar, 25 ga Janairu.

Ƙasa. Wani ƙauyen masunta, rijiya ɗaya mai ɗan gishiri-gishiri. Mun yi jigila da ganguna daga hantsi har la'asar. Na faɗi sau biyu a yashi. A na biyun Talab ya tsaya a kaina ya ce, "Tashi, tsohon jaki, wa ka bar wa gangar?" Haka yake ce wa kowa. Na tashi.

Da aka cika babban tanki, Sumar ya aiko a kira ni ƙasa. Ya miƙo min tsumma da guduma. Na naɗe, na buga sau uku. Ya taɓa gefen da yatsa, ya ce, "Sake." Sau huɗu ya sa na sake, mutane suna leƙe ta sama. Ina jin da gangan ya yi biyun ƙarshe.

Alhamis, 30 ga Janairu.

Surutunsa ya dawo. Tunda a bayan murhu nake, ni nake shan shi duka: matarsa ta farko, wani nahoda da ya ci ɗanyen kifi a Maskat, ciwon gwiwarsa. Ya ba ni albasa in yanka, ya ce yankan nawa kamar na mai jin haushin albasar.

Na ce masa na gode da cittar nan. Ya ce wace citta.

Talata, 4 ga Fabrairu. Mombasa.

Mun shigo jiya. Kwanakin hukuncina sun cika tun Asabar, na koma faranti, a can ƙarshe kusa da masu kwashe ruwa. Aka dai matsa min.

Ba a sauke kowa ba. Labarin kuwa zai isa Mandvi, da sunana a kai, ba na Sumar ba. Hurbai za ta ji a bakin rijiya. Na yi tsammanin wannan zai hana ni cin abinci. Na ci.

Jusab ya kira ni gefe ya ce akwai jirgin hayaƙi da zai tashi zuwa Bombay ranar Alhamis, idan ina so zai yi min magana. Namu sai iska ta juyo, wata biyu ko fiye, kuma akwai lodin itace a cikin laka kafin nan. Na ce zan yi tunani.

Ban yi ba tukuna, ba lokaci. Sumar ya ce gobe da sassafe zai shiga kasuwa sayen kwakwa da barkono, buhu biyu, kuma gwiwarsa ba ta ɗaukar fiye da ɗaya. Ba roƙona ya yi ba. Amma wani dai zai ɗauki ɗayan.