Numfashin Shagon Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ya karatu? Umma da Baba suna gaishe ki.

Yaya, Baba zai rufe shago a ƙarshen wata. Ya ce idonsa ya daina ganin ƙananan wayoyi, mutane kuma sun daina kawo rediyo gyara. Jiya na share ƙarƙashin bencin da muke ɓuya muna jin wasan kwaikwayo, na ga kyanwar da kika zana da ƙusa. Har yanzu da akuya take kama.

Ƙanwarki,
Auta

Auta sarkin kunya,

Wa'alaikumus salam. Kyanwata lafiyarta ƙalau, idonki ne ke son gyara.

Labarin shago ya taɓa ni. Malamin sauti ya ce kowa ya kawo muryar wurin da ya sa shi son wannan karatu na fim. Ni ba ni da wani wuri sai shagon nan. Ba zan samu zuwa ba, kwamfutar tace fim ɗaya ce a makarantar, layi muke yi. Ga rakoda na bai wa direban mota ya kawo miki. Ki ɗaukar min shagon kafin a kwashe.

Ki gaishe min da kowa.
Yayarki

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, na yi iya ƙoƙarina. Na kashe fanka saboda ƙararta, na rufe ƙofa, na roƙi maƙwabcinmu mai walda ya dakata. Baba ya sa sabuwar riga, ya yi bayanin sana'arsa tiryan-tiryan. Da ya soma 'yar waƙar nan tasa ta hanci, na ce ya yi haƙuri. Allah ya sa ki ci maki.

Ki huta lafiya.
Auta

Autar Umma,

Sannu da aiki. Sauti ya fita tas, sai dai wannan ofis ne, ba shagonmu ba. Baban ma ban gane shi ba. Wai "jama'a masu sauraro"!

A nan, kafin mu bar duk inda muka yi ɗauka, kowa shiru yake yi a naɗi numfashin ɗakin. Shi nake so: ƙugin fanka, walda, waƙar hancin. Na dawo da rakodar. Ki kunna ta, ki ajiye ta a kan kantar shago, ki manta da ita.

Sai na ji ki.
Yaya

Zuwa ga Yayata,

Ina gaisuwa. Rakodar ta iso ranar kwashe kaya. An riga an cire fankar, ki yi haƙuri.

Na ajiye ta kamar yadda kika ce. Za ki ji Baba yana juye ƙusoshi a gwangwani, yana waƙarsa. Za ki ji wata tsohuwa ta shigo da rediyo. Ya ce, "Iya, an rufe." Ta ce, "Yau ɗin ma?" Sai ya ce, "Kawo mu gani." Ya kwance jakar kayan aikin da ya ɗaure.

Bayan rediyon ta kama, za ki ji ana jan hanci. Na zaci ni kaɗai ce ke kuka, ashe har da Baba. Kada ki goge wurin.

Ƙanwarki,
Auta