Idon Gimbiya

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da aikin da ya ɗauke ki. Ni lafiya lau, sai gwiwa. Maƙwabcina Tela ne yake rubuta mini, don hannuna yana rawa kwanan nan.

Zan fara da abin da ya daɗe yana cina. Tunda kuka yi karatu, ke da yayanki, ba wanda ya ƙara tambayata yadda ake yin komai. Shekara arba'in ina kafinta. Gadon da aka haife ki a kai ni na haɗa shi, har yau bai yi ƙara ba. Amma da za ki tafi kika kawo mini hawainiyarki, wai Gimbiya, cikin kejin raga kamar na kaji, kika manna takarda a jiki kamar an bar wa sabon ɗan aiki sallahu. Mutanen layinmu har leƙowa suke, wai tsoho ya koma kiwon ƙadangare. Na shanye.

To ki sani na yi mata gida na mutunci. Katako mai kyau, gilashi ta ko'ina, ko iska ba ta shiga. Na shafe shi da mai har yana ƙyalli, na shimfiɗa mata garin katako mai laushi a ƙasa. Fitilar nan taki mai zafi na cire. Feshin ruwan da na ga kina yi safe da yamma ma na daina, don duk wanda ya san katako ya san ruwa ne ajalinsa. Na sa mata kwano, in tana jin ƙishirwa ta sauko ta sha kamar kowa.

Idonta na hagu ya ɗan tasa, amma ba wani abu ba ne. Kada ki ce zan kira ki a waya a kan wannan, ba na son ana katse ni ina magana.

Ki gaida abokan aikinki.

Mahaifinki, Kafinta.

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gajiyar aiki? Sati biyu ke nan ban ji daga gare ki ba. Na ce wa Tela ko bai kai wasiƙar ba ne, ya rantse ya kai.

Maganar idon nan, ban faɗa miki daidai ba. Ba ɗan tasawa ba ne. Kin san yadda idanunta suke, ɗaya yana kallon gabas ɗaya yamma, har nakan ce ta fi mai gadi iya aiki. Yanzu na hagun ya kumbura ya yi kamar kan yatsa, ya rufe ruf. Tana goga shi a jikin reshe. Ta harba harshe ta kama gyare sai ta saɓa, gyaren ya wuce ta gabanta yana tafiyarsa. Kwana biyar ba ta ci ba. Korenta ya tafi, ta koma kalar toka. Kwanon ruwan kuwa ko kallonsa ba ta taɓa yi ba.

Na ɗiga mata maganin idona. Na san za ki ce wa ya aike ni. Washegari na dama ma ya fara.

Tela ya ce, “Kai dai girman kai zai kashe ka, ya kashe dabbar mutane. Ka kai ta wurin likita.” Na ce masa mai ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ba zai koya mini aiki ba. Yanzu haka yana dariya, na ce ya rubuta abin da na faɗa kawai. Amma dai na naɗe ta a tawul na kai ta asibitin dabbobi, ina ɓoye ta a cikin riga kamar na yi sata.

Likitar yarinya ce, ba ta fi ki ba. Ta wanke idon da wani ruwa, sai ga garin katako yana fitowa, nawa, na shagona, na gane shi. Ta ce hawainiya ba ta shan ruwa a kwano, raɓar ganye take lasa, kuma da wannan feshin take wanke idonta. Ta ce akwatin da ba iska ciwo yake tara mata, fitilar kuma ita ce ranarta. Ba ta ɗaga mini murya ba, da ma ta ɗaga. Sai ta ce, “Baba, mai ita ba ta bar muku bayani ba?” Na zaro takardarki daga aljihu na miƙa mata, na ce na manta tabarau a gida.

Uwata, ba ni da tabarau. Hannuna kuma ba ya rawa. Ban iya karatu ba, ban taɓa iyawa ba. Mahaifiyarki ce take karanta mini komai, Allah ya ji ƙanta. Takardun makarantarku da nake riƙewa ina gyaɗa kai ina cewa a ƙara ƙoƙari, ita take raɗa mini abin da ke ciki kafin ku shigo. Da ta rasu sai na koma cewa rubutun yaran yanzu ba ya karantuwa. Takardarki wata biyu tana aljihuna. Tela yana nan ƙofa da ƙofa, amma na kasa cewa ya duba mini.

Likitar ta karanta a fili. Layin farko: Baba, don Allah kada ka canja kejin. Na biyu feshi, na uku fitila. Duk abin da na yi, kin hana shi ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe kika ce kin rasa wanda za ki bar wa ita sai ni, don ba ki san mai haƙuri da lura kamata ba. Nan na ce wa likitar ina zuwa, na fita waje na tsaya ina kallon motoci.

Tela ya daina dariya. Ya ce in huta, na ce ya ci gaba.

Na mayar da ita kejinta na raga. Akwatin na farfasa shi da hannuna.

Mahaifinki.

*

Uwata,

Ina gaishe ki. Allah ya sa shirun nan na aiki ne ba na ciwo ba.

Ina fesa mata ruwa safe da yamma, ina ɗiga maganin likita sau uku. Idon dama ya buɗe. Jiya ta kama gyare ɗaya, a harbi na huɗu. Na hagun ya sace, amma ya yi fari, likita ta ce kada in sa rai. In na zo ta wannan gefen ba ta sanin na zo sai ta ji ruwa a jikinta. Haka za ki same ta, kuma ni na yi.

Na kira yayanki, ya ce shi ba ruwansa, tsakaninmu ne. Wayarki tana shiga, ni nake kashewa kafin ki ɗauka.

Ba cewa nake ki yafe ba, wannan sai kin gan ta da idonki. Tambaya ɗaya gare ni. Kin san ban iya karatu ba, ko ba ki sani ba? In ba ki sani ba, to shekara talatin ina yi miki ƙarya, ki faɗa mini abin da kika ɗauke ni yanzu. In kuwa kin sani kuna rufa mini asiri ke da uwarki, me ya sa kika bar mini takarda ba ki zaunar da ni kin faɗa mini da baki ba?

Ki amsa mini. Ko faɗa ne ki rubuto shi yadda yake, kada ki sassauta don Tela ne zai karanta. Na riga na ce masa kada ya tsallake ko kalma ɗaya.

Ni ne mahaifinki, mai jira,
Kafinta.